Windows ta ƙi hawa kan C, abokina yace in buga clean, in yi?

"Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Laftof ɗina tsohuwa ce, da Windows 7 ta zo daga baya na mayar da ita 10. Kwanakin nan ta yi nauyi sosai shine nace bari in zuba mata sabuwa. Diskin a rabe yake, C da D, kuma duk hotunana da takardun aikina na shekaru suna cikin D. Na tayar da ita da filash, da nazo wajen zaɓar fatishan na danna Format akan C, sai Next ya ƙi dannuwa, ta rubuto min 'Windows cannot be installed to this disk. The selected disk has an MBR partition table'. Na aro wani filash ɗin, shi ya wuce wannan wajen amma yana tsakiyar kwafar fayiloli ya tsaya da lamba 0x8007025D. Yanzu ba tsohuwar ba sabuwar. Wani abokina yace in shiga diskpart in buga clean komai zai wuce. In yi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A'a, kar kayi, aƙalla dai ba yanzu ba. Abokin naka ba ƙarya yayi ba, clean ɗin, wato umarnin share diski a cikin diskpart, manhajar tsara diski ta Windows, zai kawar da wancan saƙon na farko, abinda bai gaya maka ba shine zai tafi da D ɗinka ne gaba ɗaya, don clean bai san C bai san D ba, diskin kacokan yake kallo, kuma baya tambayarka "ka tabbata?" kana danna Enter shikenan. A yanzu D ɗinka lafiyarsa ƙalau a bisa bayanin da kayi, fomat ɗin da kayi C kaɗai ya taɓa. To mu barshi a haka tukunna.

In na fahimce ka, matsala biyu ce gareka amma kake ɗaukarsu ɗaya. Ta farko saƙon MBR, wannan ba lalacewa bace sam, rashin jituwa ne tsakanin yadda filash ya tashi da yadda diskin yake a tsare. Ta biyu lambar nan 0x8007025D, ita ce ma tafi damuna, musamman da ka haɗa min da cewa kwamfutar ta yi nauyi kafin duk wannan ya faru. Zan dawo kan nauyin nan, ka riƙe shi a ranka.

Fara kwashe kayanka

Kafin gyaran komai, D ya fita daga cikin kwamfutar nan zuwa wani wajen. Mutane suna ɗauka sai Windows ta tashi ake iya kwafar fayil, ba haka bane. Filash ɗin da ke hannunka ma ya isa. Ka tayar da ita dashi, in allon farko ya fito ka danna Shift da F10 tare, wasu laftof ɗin sai ka haɗa da Fn, baƙin allon rubuta umarni zai buɗe. Ka rubuta notepad ka danna Enter, ka shiga File sannan Open, ka canja nau'in fayil zuwa All Files, zaka ga duk diskokinka kamar kana cikin Windows. Daga nan kana iya danna dama akan folda kayi Copy, ka shiga diskin waje da ka jona kayi Paste. Abin haushin kawai baya nuna maka ci gaban kwafar, zaka ga kamar ta daskare, kar ka kashe, aiki take yi. Kuma haruffa suna canjawa a wajen, D ɗinka yana iya fitowa da sunan E ko wani harafin, da girmansa da abinda ke ciki zaka gane shi.

Ni dai in kayan da yawa ne bana bin wannan hanyar, na fi son in haɗa filash na Ubuntu, wani nau'in Linux da ke aiki a madadin Windows, in tayar da ita a Try Ubuntu, wato tana gudana ne daga filash ɗin bata rubuta komai a diskinka ba, sai in kwafa a natse ina ganin fayil nawa suka wuce da wanda ya maƙale. Wanda ya maƙale ɗin nan labari ne babba, don in kwafar tana tafiya da gudu sai ta tsaya cak akan wani fayil na mintuna, ko ta ce ta kasa karantawa, to diskin ne yake gaya maka halin da yake ciki. In ka gama kar ka yarda da ganin sunayen folda kawai, buɗe hotuna da takardu kamar goma daga wurare daban daban ka tabbatar suna buɗuwa a wata kwamfutar.

Game da abinda ke C kuwa, in kana da kaya a Desktop ko Documents ko Downloads, gaskiya sai haƙuri galibi. Format ɗin da ke allon girkawa na gaggawa ne, baya goge ainihin bayanan, jadawalin inda suke kawai yake sabuntawa, da a nan ka tsaya da manhaja irin PhotoRec zata iya tsamo da yawa. Amma filash na biyu ya riga ya fara zuba fayilolin Windows a kansu, duk inda ya rubuta ya tafi. In kuma SSD ce, wato sabon nau'in diski mara juyawa, abin ma yafi wuya, saboda TRIM da yake sa ta share wuraren da aka ce mata babu kowa. Wannan yasa nake yawan cewa masu zuwa wajena ba dole sai an yi fomat ba, in ka zaɓi C ka danna Next kawai, tsohuwar Windows da fayilolinka zata tattara su cikin folda mai suna Windows.old, ka kwashe abinka daga baya, sai dai a hanzarta don Windows tana share ta da kanta bayan kamar kwana 10.

Menene MBR ɗin da take ƙorafi akai

Kowane diski yana da ɗan jadawali a farkonsa da yake cewa fatishan kaza ya fara daga nan ya ƙare a can. Salon rubuta jadawalin nan iri biyu ne. MBR shine tsohon, tun 1983 ake amfani dashi, gaba ɗayansa a cikin sekta ta farko yake, wato ɗan yankin farko na diskin mai bayit 512, shi yasa manyan fatishan huɗu kawai yake iya ɗauka kuma baya ganin abinda ya wuce 2TB a diski na yau da kullum. GPT shine sabon, Windows tana bari a yi fatishan har 128 a kansa, kuma yana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen diski saboda ko na farkon ya lalace.

A ɗaya gefen kuma kwamfuta ita ma hanyar tashinta biyu ce. Akwai tsohon BIOS wanda zaka ga an rubuta Legacy ko CSM, shi sekta ta farko yake karantawa ya miƙa mata ragama. Akwai UEFI, shi kuma wani ƙaramin fatishan yake nema mai tsarin ajiyar fayil na FAT32 inda fayilolin tashi suke. To Windows tana da doka ɗaya da bata sassautawa wajen girkawa, in filash ya tashi a UEFI sai diskin GPT, in ya tashi a Legacy sai diskin MBR. Kuma bata duba me kwamfutar zata iya, yadda filash ɗin ya tashi a wannan karon kaɗai take dubawa.

Kaga labarinka ya fito fili kenan. Yawancin kwamfutocin zamanin Windows 7 a Legacy aka zuba musu ita akan MBR ko da suna da UEFI, da ka ɗaga ta zuwa 10 tsarin diskin bai canja ba. Filash ɗinka na farko ya tashi a UEFI sai ya tarar da MBR ya ƙi. Na aron ya tashi a Legacy shi yasa ya wuce. Ba wai wani filash ɗin yafi wani albarka bane. Wanda abin ya juye masa kuma, diskinsa GPT filash ya tashi a Legacy, shi zai ga "The selected disk is of the GPT partition style", cuta ɗaya ce ta sake riga.

In kana son ka gani da idonka, a baƙin allon nan ka rubuta diskpart, sannan list disk. Akwai layi na ƙarshe da aka rubuta Gpt a samansa, in akwai tauraro a gaban diskinka GPT ne, in babu MBR ne. list disk da list volume kallo kawai suke basa taɓa komai, ka gama ka rubuta exit ka fita.

Hanya mafi sauƙi da bata taɓa D ita ce ka tayar da filash ɗin a Legacy. Kana kunna kwamfutar ka danna maɓallin zaɓen abin tashi, F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP, Esc a laftof ɗin Asus da yawa. Sau da yawa zaka ga filash ɗinka sau biyu, ɗaya da UEFI a gaban sunansa ɗaya babu, ka zaɓi wanda babu. In bai fito sau biyu ba ka shiga saitin BIOS ka kashe Secure Boot ka kunna CSM ko Legacy. In har yanzu bai fito ba to yadda aka haɗa filash ɗin ne, wanda aka yi da Rufus, manhajar haɗa filash ɗin girkawa, aka zaɓi GPT a Partition scheme a UEFI kaɗai yake tashi, sai an sake haɗa shi da MBR. Wanda aka yi da Media Creation Tool na Microsoft shi yana tashi ta duka biyun. Sababbin kwamfutoci kam da yawa babu Legacy a cikinsu ko kaɗan, Intel ma ta sanar tun tuni zata daina tallafa masa zuwa 2020, amma taka ba ta cikinsu tunda filash na biyu ya tashi.

Wani kuskuren da nake gani kullum, mutum ya ga saƙon MBR sai ya danna Delete akan C yana tunanin in ya zama fili zata yarda. Ba zata yarda ba. MBR ba a jikin C yake ba, na diskin ne gaba ɗaya, muddin akwai fatishan ko ɗaya da ya rage jadawalin yana nan a yadda yake. Daga nan ne mutum zai fusata ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana gogewa har ya haɗa da D, sai Next ya dannu, sai murna, sai bayan Windows ta tashi a fara salati.

Lambar 0x8007025D

Ma'anar lambar nan a taƙaice, bayanan da ake warwarewa sun iso a gurɓace. Fayilolin Windows a matse suke cikin wani babban fayil guda, install.wim ko install.esd, ana karanto shi daga filash, ya bi ta RAM a warware shi, sannan a rubuta a diski. To duk inda aka samu tangarɗa a hanyar nan, fayil ɗin da aka sauko dashi, filash ɗin, ramin USB, RAM, ko diskin kansa, lamba ɗaya zaka iya gani. 'Yan uwanta su ne 0x80070570 mai cewa fayil ya lalace, da 0x8007045D mai cewa na'urar ta kasa karatu ko rubutu. Kuma ka lura, clean baya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, da ka bi shawarar abokinka da wataƙila ka rasa D kuma ka sake cin karo da lambar nan a daidai inda ka barta, ba tsuntsu ba tarko.

Yadda nake rarrabewa a wajen aiki, ina sake gwadawa sau biyu ina kallon kashi nawa take tsayawa. In kullum a waje ɗaya take tsayawa, zargina yana kan filash ko fayil ɗin da aka zuba masa. In yau ta tsaya a farko anjima ta kusa ƙarshe, sai in koma kan RAM ko ramin USB ko zafi. Ba doka bace, amma ta sha rage min wahala.

Filash ɗin aro shine na farko da zan tuhuma, don baka san daga ina aka samo abin cikinsa ba, kuma ba ka san sau nawa aka zare shi ana tsakiyar rubutu ba. Ka sauko da ISO, wato fayil ɗin girka Windows, daga shafin Microsoft da kanka, in kana son tabbaci ka buga certutil -hashfile sunan fayil ɗin SHA256 a wata kwamfutar ka gwada da lambar da suka wallafa, harafi ɗaya ya bambanta to fayil ɗin bai sauko daidai ba. Ka samu filash mai aƙalla 8GB, kuma a kula akwai na jabu da suke nuna girman da basu dashi, suna karɓar fayil kamar gaske amma in an zo karantawa shara ce, H2testw yana tona musu asiri. Sannan kar a kwafa fayilolin ISO da hannu zuwa filash mai FAT32, FAT32 baya ɗaukar fayil guda da ya wuce 4GB kuma install.wim na yanzu ya wuce haka, Rufus ya san yadda yake kaucewa wannan. Ka canja rami ma, a tsofaffin laftof ramin USB 2.0 yafi zama lafiya wajen girkawa, kuma kai tsaye a jikin kwamfutar banda ta mahaɗa.

RAM kuma ta taɓa wahalar dani sosai. Akwai wata laftof da aka kawo min da irin lambar nan, na canja filash uku, na sake sauko da ISO, har diski na canja mata, yini guda ina abu ɗaya. Sai can da yamma na zare RAM ɗaya daga cikin biyun da ke ciki don kawai na rasa abin yi, ta zuba Windows tas ba ko tari. Mai ita yace ai da tana aiki lafiya, eh tana yi, sai dai takan mutu da shuɗin allo jefi jefi yana ɗauka zafi ne. Girka Windows yana cika RAM da aiki fiye da buɗe burauza da rubutu, shi yasa a nan ɓoyayyen ciwo yake fitowa. Tun ranar in na ga lambar nan MemTest86, manhajar gwajin RAM, nake fara sawa ya zagaya, kuskure ko ɗaya ya nuna RAM ɗin tana da matsala. In guda biyu gareka ka gwada da ɗaya ɗaya, in ɗaya ce ka zare ta ka goge bakin ka mayar ta zauna daram.

Yanzu mu dawo kan nauyin nan. Laftof ɗin da ta zo da Windows 7 galibi ta haura shekara goma, in diskinta na asali ne mai juyawa to ya sha aiki. Nauyin da yake zuwa a hankali cikin shekaru daban, wannan tarin manhajoji ne. Amma nauyin da ya faɗo cikin 'yan kwanaki ko makonni, ka danna folda ta yi shiru, fitilar diski ta kama ta ƙi sakewa, wannan sau da yawa diski ne yake ta maimaita karatun sektar da ta lalace. Mutane da yawa a nan suke yanke shawarar zuba sabuwar Windows, alhali Windows ɗin ba laifinta. Diski yana ajiye rahoton lafiyarsa da ake kira SMART, a Ubuntu ɗin nan da ka tayar ka buɗe Disks zaka ganshi, in a wata kwamfuta mai Windows ka jona shi CrystalDiskInfo zai nuna. Layi uku nake dubawa, 05 wato sektocin da aka riga aka yi wa musanya, C5 waɗanda ake zargi ana jiran a gani, da C6 waɗanda suka gagara gyara. In C5 ko C6 sun tashi daga sifili, ko 05 yana ƙaruwa, ni bana zuba Windows akan diskin nan ko mai shi ya roƙe ni, don zata iya hawa yau ta rushe wata mai zuwa.

Kuma don Allah kar ka sa chkdsk /r akan diskin da kake zargi kafin ka kwashe kaya. Yana bin kowace sekta ne yana tilasta mata, awanni yana yi, diskin da yake numfashi sama sama yana iya cikawa a hannunsa. In kwafa ta yau da kullum ta gagara, ddrescue a Linux shine kayan aikin, yana ɗaukar wuraren da ke karantuwa da farko sannan ya dawo kan masu taurin kai. In kuma kana jin ƙara ƙas ƙas ƙas daga ciki ko BIOS ma baya ganin diskin, kashe ta kawai, nan iyakata kenan ni ma, aikin masu buɗe diski ne a ɗaki na musamman mara ƙura, kuma duk kunnawar da kayi rage musu abinda zasu ceto kake.

Akwai wata dabara da bata da wahala, in girkawar ta sake faɗuwa kar ka kashe, danna Shift da F10 ka buɗe X:\Windows\Panther\setuperr.log da notepad, layukan ƙarshe sukan faɗi fayil ɗin ko matakin da ta maƙale. X ɗin nan a cikin RAM yake zaune, kana sake kunna kwamfutar ya ɓace, to ka ɗauki hotonsa da waya nan take.

In GPT kake so

Zama a MBR ba aibu bane ga Windows 10, zata yi aiki yadda ta saba. Sai dai Microsoft ta daina bata sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 a ƙa'ida tana neman UEFI da guntun tsaro na TPM 2.0 da RAM 4GB da fili 64GB, ga kuma sharaɗin firosesa, na Intel daga zubi na 8 zuwa sama galibi, wanda laftof ɗin zamanin 7 bata kai ba. To kar ka wahalar da kanka da komawa GPT saboda 11 kaɗai sai ka duba wannan.

Zaka ji ana cewa ai akwai mbr2gpt mai juyawa ba tare da goge komai ba. Gaskiya ne, yana cikin Windows 10 tun fitowar sigarta ta 1703 a 2017, amma a halin da kake ciki ba zai yi ba, don yana buƙatar ya tarar da Windows a zaune akan diskin, kai kuma ka riga ka share ta. Sai dai ka fara zuba 10 a Legacy, sannan ka buga mbr2gpt /validate /allowFullOS ka ga ko ya amince, in ya amince ka canja validate zuwa convert, ka shiga BIOS ka mayar da ita UEFI, in ka manta wannan matakin ba zata tashi ba. Yana da sharuɗɗa kuma, manyan fatishan kar su wuce uku, kuma kar a samu na cikin extended, wato fatishan ɗin da ake yanka wasu ƙanana a cikinsa, D na tsofaffin kwamfutoci kuwa sau da yawa irinsa ne. gdisk a Linux shi yana juya jadawalin ko babu Windows, na sha yi, amma ban taɓa yi ba sai da kwafi a gefe, to in dai kwafin na hannu, gogewa a fara sabo yafi tsafta.

A nan ne clean ɗin abokinka yake da gurbi. Bayan ka tabbatar da kwafinka, ka tayar da filash a UEFI, ko dai ka goge duk fatishan ɗin a allon zaɓe har ya zama fili guda ka danna Next, ita da kanta zata mayar dashi GPT ta yanka ƙaramin fatishan na tashi mai kamar 100MB da wani mai 16MB da na farfaɗowa, ko kuma ka shiga diskpart ka buga list disk, select disk da lambarsa, clean, convert gpt. Wajen select ɗin nan ka karanta girman sau biyu, ba kullum diskinka ne 0 ba, na ga wanda ya share diskin wajen da ya gama kwafar kayansa ciki yanzun nan. Shi yasa nake zare duk wani diski da katin memori kafin in fara, filash ɗin girkawa kaɗai nake bari. Wannan ma yana maganin saƙon nan na "We couldn't create a new partition or locate an existing one", kuma yana hana Windows ta je ta ajiye fayilolin tashinta a wani diskin daban, ranar da ka cire shi kwamfutar ta ƙi tashi. Wanda tsautsayi ya riga ya faɗa masa ya buga clean, in bai rubuta komai a kai ba TestDisk yakan dawo da jadawalin, musamman a diski mai juyawa, amma clean all kam sifili yake bi ya rubuta ko'ina, babu dawowa.

Ga masu sababbin kwamfutoci da zasu karanta wannan, abu biyu ya bambanta. In allon zaɓe ya fito fayau babu diski ko ɗaya, yawanci VMD ne, wani tsarin sarrafa diski na Intel da ya zo daga zubi na 11, sai a loda direban RST ta Load driver ko a kashe VMD a BIOS. Na biyu BitLocker, tsarin kulle diski na Windows, fatishan ɗin da aka kulle ba zaka kwafi komai daga cikinsa ba sai da mabuɗin nan mai lamba 48, a duba asusun Microsoft a tabbatar yana nan kafin a taɓa C.

Da ni ne a matsayinka, da tsohon diskin nan ba zan sake rubuta masa ko bayit ɗaya ba. Zan cire shi in sa SSD ko ƙarama ce, in zuba Windows a kanta da sabon filash, tunda babu komai a cikinta babu rigimar MBR ko GPT, duk yadda filash ya tashi haka zata tsara ta. Tsohon kuma in sa shi a ɗan akwatin USB in jona ta waje, D yana nan yadda ka barshi. In lambar 0x8007025D ta sake fitowa akan sabuwar SSD da sabon filash, to RAM ce zaka fi zarga. In ta tambaye ka mabuɗi ka danna "I don't have a product key", ka zaɓi irin wadda take kai a da, Home ko Pro, tunda an taɓa kunna 10 a kwamfutar lasisin yana maƙale da ita, tana hawa intanet zata kunna kanta. Ka turo min abinda 05 da C5 da C6 suka nuna da kuma kashi nawa take tsayawa, daga nan sai mu san ko diskin zai ci gaba da zama ma'ajiya ko ritaya zai yi.